Cima-Zaune: Halittun da ke Rayuwa a Jikin Wasu

Duk manomin da ya taɓa noma dawa ko gero a ƙasar da ta gaji ya san ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta. Ana tsakiyar damina, ruwa bai yanke ba, an yi noman fari an yi maimai, amma sai a ga dawa ta tsaya cik, ganyenta ya yi fatsi-fatsi yana nannaɗewa kamar wadda fari ya kama. Bayan 'yan makonni sai ga wani siririn tsiro ya ɓullo a gindinta, daga baya ya yi fure ja-ja mai ban sha'awa. Manomi ya tumɓuke shi ya yar, yana ɗaukarsa ciyawa irin sauran. Alhali kuwa akwai bambanci babba. Ita ciyawa gasa take yi da shuka wajen neman ruwa da taki. Shi ƙuduji ba ruwansa da gasa, gama saiwarsa a cikin saiwar dawa take, abin da dawa ta wahala ta jawo shi yake sha.

Irin wannan zama yana da yawa a cikin halittun Allah, har masana kimiyyar halittu sun keɓe masa babi guda. Hausa kuwa tana da sunan da ya dace da shi. Mutumin da ba ya noma ba ya sana'a, sai dai ya jingina da wani yana ci, shi ake kira cima-zaune. A cikin wannan ɗan littafi za mu ari sunan mu ba kowace halitta da ke zaune a jikin wata, ko a cikin jikinta, tana ci daga gare ta tana kuma cutar da ita. Wadda ake ci za mu kira ta mai masauki, ko da yake baƙon nata bai yi sallama ba kafin ya shiga.

Dalilin da ya sa ya wajaba kowa ya san wannan babi shi ne, zazzaɓin cizon sauro, da tsargiya, da kurkunu, da sammoren shanu, da ƙudujin gona, duk aikin cima-zaune ne. Kowannensu kuma yana da hanyar da yake bi daga wannan masauki zuwa wancan. Wanda ya san hanyar ya san inda zai tare shi.

BA KOWANE ZAMAN TARE NE CUTA BA

Akwai zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, inda kowa ke amfana. Ku tumɓuke wake ko gyaɗa ku dubi saiwar, za ku ga waɗansu 'yan ƙululai manne da ita. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Wake yana ba su abinci da wurin zama, su kuma suna kamo wani sinadari daga iska su mai da shi taki. Shi ya sa gonar da aka yi wake bara takan yi wa dawa kyau bana. Haka kuma saniya, ba don ƙwayoyin da ke cikin tumbinta ba, da ba ta iya narkar da ciyawa.

Akwai kuma zaman da ɗaya ke ƙaruwa ɗaya bai ragu ba. Balbela tana bin garke tana tsintar fara da ƙwarin da ƙafafun shanu ke tayarwa, saniya ko a jikinta.

Amma iyakar da ke tsakanin waɗannan zamammaki ba kullum take a fili ba. Ga carki nan. Makiyayi zai ce abokin saniya ne, don yana cire mata kaska. Makiyayin nan kuma zai gaya muku cewa in saniya tana da gyambo, carki ba ya barinsa ya warke, sai ya riƙa saransa yana shan jini. Da safe likita, da yamma ɓarawo.

Kada kuma a haɗa cima-zaune da mafarauci. Kura in ta kama akuya, nan take ta kashe ta cinye, gobe ta nemi wata. Cima-zaune bai kai mai masaukinsa girma ba, kuma galibi ba mutuwar gaggawa yake nema masa ba, domin in gida ya rushe baƙo ma ya rasa wurin kwana. Tatsa yake yi a hankali, wata da watanni, wani lokaci shekara da shekaru. Wannan ne ya sa mutane suke raina ɓarnarsa. Yaro yana tafiya da ƙafarsa, yana cin abinci, sai a ce lafiyarsa lau, alhali ya ƙi girma, jininsa ya yi ƙasa, a makaranta kuma sai gyangyaɗi.

YADDA AKA ƘERA SHI

Waɗansu a waje suke zama: kaska, da ƙwarƙwata, da ƙuma, da kuɗin cizo, da matsattsaku. Waɗannan bakinsu na huda fata ne, yawunsu kuma yana hana jini daskarewa har su ƙoshi. Waɗansu a ciki suke, cikin hanji ko hanta ko jini.

Babu wanda ya kai tsila nuna abin da zaman banza ke yi wa halitta. Tsilar da mutum ke samu daga naman shanu takan kai tsawon mita biyar, har ta wuce, amma ba ta da baki ba ta da hanji. Me za ta yi da su? Tana kwance cikin abincin da mai masauki ya riga ya tauna ya narkar, sai ta riƙa tsotsarsa ta fatar jikinta. Abin da ta riƙe biyu ne kawai: mamatsa a kanta don manne wa hanji, da kayan haihuwa. Jikinta gaɓa-gaɓa ne, kowace gaɓa in ta nuna tana ɗauke da ƙwai dubbai, ta ɓalle ta fita tare da bayan gida. In an yi bayan gida a fili, saniya ta ci ciyawar wurin, ƙwan ya ƙyanƙyashe a cikinta ya tafi ya kwanta a tsokarta kamar ƙwayar shinkafa. Wanda ya ci naman bai gasu ko bai dahu sosai ba, ya ɗauka. Watau tsila ba ta iya komawa cikin mutum sai ta bi ta saniya, ba ta kuma iya isa saniya sai mutum ya ƙi shiga masai.

Yawan ƙwai kuwa hali ne na kusan dukkansu. Macen tsutsar da ake kira macijin ciki takan saka ƙwai kimanin 200,000 a rana guda. Wannan ba alamar ƙarfi ba ce. Hanyar da ke tsakanin masauki da masauki tana da haɗari ƙwarai, rana ta ƙone waɗansu, ruwa ya tafi da waɗansu, kaɗan ne ke isa. Dole uwar ta zuba da yawa ko ɗaya ya dace.

MU KOMA GONA

Ƙwayar irin ƙuduji ƙanƙanuwa ce kamar ƙura, kuma tsiro guda yakan zubar da 50,000 ko fiye. Saboda ƙanƙantarta ba ta da guzurin da zai riƙe ta in ta tsiro, sai na 'yan kwanaki. Don haka ba ta yin garaje. Takan kwanta a ƙasa fiye da shekara goma, damina ta zo ta wuce, ba ta motsa ba. Abin da take jira wani sinadari ne da saiwar dawa da gero da masara ke fitarwa cikin ƙasa. Da ta ji shi daf da ita, sai ta tsiro, ta miƙa ɗan bakinta ta huda saiwar, ta haɗe da jijiyoyin da ke kai ruwa da abinci.

Daga nan za ta yi wata guda ko fiye a ƙarƙashin ƙasa, ba ganye ba fure, sai sha. Lokacin da manomi ya gan ta a sama, mafi yawan ɓarnar bana ta riga ta auku. Wannan ba ya nufin a bar tumɓukewa. Wanda ya tumɓuke ƙuduji kafin ya yi iri ya ceci gonar baɗi da ta baɗin baɗaɗa. Sai dai a tara shi a ƙone, kada a watsar a kunya, domin wanda ya riga ya yi fure yana iya ƙarasa nunar da irinsa ko an tumɓuke shi.

To, ga inda wayon ƙuduji ya zama ajalinsa. Akwai shuke-shuken da saiwarsu ke fitar da sinadarin nan mai tashe shi, amma ba ya iya kama su. Auduga tana cikinsu, haka waken suya da gyaɗa. Hasali ma a saiwar auduga aka fara gano wannan sinadari a shekarar 1966. In aka shuka ɗaya daga cikinsu a gonar da ƙuduji ya mamaye, ƙwayoyin za su tsiro da zaton dawa ce, su rasa abin kamawa, su mutu da yunwa. Kakanninmu da ke juya shuka ba su san sunan sinadarin ba, amma aikin da suke yi ke nan. Sai dai a lura, wake yana da nasa ƙudujin dabam, wanda ba ya kama dawa.

Har ila yau ƙuduji ya fi ƙarfi a ƙasar da ta rasa taki, don haka taki da toka da kashin dabbobi suna cikin maganinsa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da Cibiyar Binciken Noman Ƙasashe Masu Zafi ta Ibadan, sun fitar da irin masara da dawa da wake masu jure masa. A tambayi malamin gona. Kada kuma a sayi iri daga gonar da aka san tana da shi.

Kauci ma ɗan gidan ne, ko da yake shi rabin cima-zaune ne, don yana da koren ganye yana haɗa abincinsa, ruwa da gishirin ƙasa kawai yake sata daga reshen kaɗanya ko ɗorawa ko lemo. Tsuntsu ne ke kai shi. Ya ci 'ya'yan, ƙwallon mai danƙo ya manne a wani reshe. Maganinsa a sare reshen da ya kama.

DA ƊAN GARI AKAN CI GARI

Mafi muni a cikin waɗanda ke kama mutum suna bukatar ɗan rakiya. Mu ɗauki tsargiya. Wani likita Bajamushe mai suna Bilharz shi ya fara ganin tsutsarta a Alƙahira a shekarar 1851, amma sai a 1915 aka tabbatar da yadda take bi ta dodon koɗi a ƙasar Masar.

Tsutsar ba ta wuce tsawon gaɓar yatsa ba. Namiji da mace suna zaune tare a cikin jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, namijin yana rungume da macen, shekara uku, biyar, ko fiye. Ƙwan da take sakawa yana da ƙaya, da ita yake keta bangon mafitsara ya faɗa cikin fitsari. Jinin da ake gani a ƙarshen fitsari daga wannan rauni yake. In mai ciwon ya yi fitsari a tafki ko rafi ko magudanar ban-ruwa, ƙwan ya fashe, ɗan da ya fito yana da sa'o'i kaɗan ya sami wani irin ƙaramin dodon koɗi na ruwa. In bai samu ba ya mutu. In ya samu ya shige, ya hayayyafa a cikinsa, bayan wata guda ko ɗaya da rabi dubban 'ya'ya su riƙa fitowa cikin ruwa. Su ma kwana ɗaya ko biyu gare su. Yaro mai iyo, ko mace mai wanki, ko manomin shinkafa, ko masunci, da ya sa ƙafa sai su huda fata su shiga, ba tare da ya sha ko kurɓi ɗaya ba.

A wurare da dama, saboda kusan kowane yaro yana fitsarin jini, har an ɗauke shi alamar balaga. Wannan kuskure ne mai tsada. Ƙwan da bai fita ba yana maƙalewa a jiki, a kwana a tashi ya taurara mafitsara, ya toshe hanyar fitsari ya ɓata ƙoda, wani lokaci ya kai ga ciwon daji. Mata kuwa yakan taɓa al'aurarsu da mahaifarsu, a yi ta maganin sanyi ba a dace ba. Akwai ƙwayar magani, farazikwantel, wadda ake rabawa a makarantu bisa tsayin yaro, kuma tana kashe tsutsar. Amma ba ta hana sake kamuwa. Yaron da ya sha yau ya koma tafkin gobe, an koma gidan jiya. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya: madatsun ruwa da ayyukan ban-ruwa, waɗanda suka kawo noman rani da arziki, sun kuma yalwata wa dodon koɗi wurin zama. Inda duk aka tare ruwa, lalle ne a yi masai, a share ciyawar magudanu, a hana fitsari a ciki. Ruwan wanka da aka ɗebo daga irin wannan wuri, in aka ajiye shi kwana biyu cif, 'ya'yan tsutsar sun mutu.

Zazzaɓin cizon sauro shi ne babbansu. Ƙwayarsa halitta ce mai rai, sai da madubin likita ake ganinta. Wani likitan soja Bafaranshe, Laveran, ya gan ta a jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880, sa'an nan Ronald Ross ya gan ta a cikin sauro a Indiya a 1897. Macen wani jinsin sauro ce ke ɗauke da ita, mai cizo da dare. In ta zuba ta a jiki, hanta take fara sauka, ta yi mako guda ko fiye tana hayayyafa ba wanda ya sani. Daga nan ta fantsama cikin jajayen ƙwayoyin jini, ta cinye su, ta fasa, ta kama sababbi. Fashewar nan ce ke kawo rawar sanyi da zafin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 an yi wannan zazzaɓi sau miliyan 263 a duniya, mutum kusan 600,000 suka mutu, yawancinsu ƙananan yara a Afirka, kuma kimanin rubu'in waɗanda suka kamu a Nijeriya suke.

Ina rauninta? In sauro ya sha jinin mai zazzaɓi, ba nan take yake iya ba wani ba. Sai ƙwayar ta yi kwana goma ko fiye tana girma a cikinsa. Sauro kuwa gajeren rai gare shi, da yawa ba sa kai wannan lokaci. Saboda haka duk abin da ya rage wa sauro kwana ya datse hanyar. Amfanin gidan sauro mai magani ke nan: ba kāre mai barci kaɗai yake yi ba, yana kashe sauron da ya sauka a kansa kafin ya tsufa. Wanda ya mai da nasa shingen lambu ko komar kamun kifi ya cuci kansa ya cuci maƙwabcinsa.

Amma kada a ce abin mai sauƙi ne. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban gwaji a ƙauyukan Garki, a tsohuwar Jihar Kano, Jigawa ta yanzu. An fesa magani a ɗakuna, an ba jama'a ƙwayoyi, zazzaɓi ya ragu ƙwarai, amma bai yanke ba, da aka daina kuma ya dawo. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne sauro da yawa ba sa kwana a bangon ɗakin da aka fesa, waje suke hutawa. A watan Disamba na 2024 aka fara yi wa yara allurar rigakafin wannan zazzaɓi a jihohin Kebbi da Bayelsa. Ƙari ce a kan gidan sauro da gwajin jini da magani, ba madadinsu ba.

MAI MASAUKI MA YANA KOKAWA

Jikin mai masauki ba ya zuba ido. Yana da dakaru a cikin jini masu gane baƙo su far masa. Cima-zaune kuma yana da nasa dabarun. Ƙwayar da ƙudan tsando ke ɗauka, mai sa ciwon barci ga mutum da sammore ga shanu, tana sauya rigar jikinta a kai a kai. Kafin dakarun jini su gane wannan riga, waɗansu sun sa wata. Shi ya sa har yau ba a sami allurar rigakafinta ba. Tun a ƙarshen shekarun 1930, da ciwon barci ya addabi ƙasar Anchau a lardin Zazzau, ƙudan aka bi: aka sare kurmin bakin rafuka inda yake fakewa, aka tashi mutane aka zaunar da su a wurare masu sarari, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya.

In aka daɗe ana wannan kokawa, tsara bayan tsara, sai a wayi gari an saba da juna. Namun daji da yawa suna yawo da ƙwayar sammore a jininsu ba ta kayar da su ba. Muturu, gajerun shanun kurmi, suna jure mata, alhali farar saniyar Fulani in ta daɗe a ƙasar tsando sai ta rame ta mutu. Wannan yana cikin abin da ya tsara wa makiyaya hanyoyin kiwonsu tun zamanin da.

Mu kanmu muna ɗauke da tabon wannan yaƙi. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana da jinin da ake kira AS, watau ya gaji sikila ta wajen mahaifi ɗaya. Irin wannan mutum, yana yaro, zazzaɓin sauro mai tsanani bai cika kashe shi ba, shi ya sa wannan jini ya yawaita a inda zazzaɓi ya yi katutu. Amma garkuwar tana da farashi. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haihuwar ɗa mai amosanin jini. Gwaji kafin aure shi ke raba wannan gardama.

Da magani ma haka ake fafatawa. Kulorokwin ya yi shekaru yana aiki, daga baya ƙwayar zazzaɓi ta gagare shi, har Nijeriya ta bar shi wajen 2005 ta koma ga haɗin magunguna na yanzu. Duk wanda ya sha rabin magani ya ajiye don ya ji sauƙi, raunanan ƙwayoyi ya kashe, ya bar masu taurin kai su hayayyafa.

WANDA YA YI MANA RANA

Ba za a rufe babin ba a faɗi alherin ɗayansu ba. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai tsotse rogo ya shigo Afirka daga Amurka ta Kudu, kafin ƙarshen shekarun ya iso Nijeriya, yana nannaɗe kan rogo yana hana shi yin saiwa. A ƙasarsa ta asali ba a san shi da ɓarna ba, sai masu bincike suka ce lalle akwai mai taka masa birki a can. Aka samo shi a Faraguwai: wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro, bai kai ƙwayar gero ba, wanda ke saka ƙwansa a cikin jikin ƙwaron rogo, ɗan ya ƙyanƙyashe ya cinye shi daga ciki. Bayan an tabbatar ba ya taɓa wani abu dabam, aka sake shi a Ibadan a 1981, ya bazu ƙasashe da dama, rogo ya farfaɗo. Manomin da ke fesa guba ba bisa ƙa'ida ba, irin waɗannan mataimaka yake fara kashewa.

LABARIN KURKUNU

Matasan yau da yawa ba su taɓa ganin kurkunu ba, sai dai su ga tabonsa a ƙafar kakanninsu. Tsutsa ce fara siririya, takan kai mita guda. Ɗan rakiyarta wani mitsitsin ƙwaron ruwa ne da ke cikin tafki da kududdufi, wanda da ƙyar ido ke ganinsa. Mutum ya sha ruwan ya haɗiye shi, 'ya'yan tsutsar da ke cikinsa su fita su ratsa hanji. Shekara guda ba alamar kome. Sa'an nan macen ta gangaro, yawanci zuwa ƙafa, ta tayar da bororo mai zafi kamar wuta. Mai ciwo ya rasa inda zai sa kansa, sai ya tsoma ƙafar a ruwa don ya ji sanyi. Abin da take jira ke nan. Da ta ji ruwa sai ta feso 'ya'ya dubbai, ƙwarin ruwa su haɗiye. Ku duba yadda ta mai da zafin da ta sa wa mutum ya zama jirginta. A arewa da damina take fitowa, daidai lokacin noma, magidanci ya kwanta wata biyu ko uku ana naɗe tsutsa a tsinke kaɗan-kaɗan, gona ta zama daji.

Kurkunu ba shi da ƙwayar magani, ba shi da allurar rigakafi. A 1986 an ƙiyasta masu fama da shi a duniya sun kai miliyan uku da rabi. Da aka bi Nijeriya ƙauye-ƙauye a 1988 zuwa 1989, an ƙirga fiye da mutum 650,000, babu ƙasar da ta kai ta. Abin da aka yi bai wuce datse hanya ba. Aka raba ƙyallen tace ruwa gida-gida. Aka haƙa rijiyoyin burtsatse. Aka zuba wa tafkuna maganin da ke kashe ƙwaron ruwa. Aka sa mutum a kowane ƙauye ya riƙa ƙirga masu ciwo, yana ɗaure musu gyambo, yana hana su shiga tafki, wani ya ɗebo musu. Cibiyar tsohon Shugaban Amurka Jimi Kata ta tsaya a kan aikin, Janar Yakubu Gowon kuma ya yi shekaru yana zagaya ƙauyuka da gidajen gwamnoni yana matsa lamba. Tun da tsutsar ba ta wuce shekara a jiki, garin da ya yi shekara guda ba wanda ya sha gurɓataccen ruwa ya rabu da ita. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya a watan Nuwamba na 2008, a Jihar Inugu. A watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya da Nijar shaidar rabuwa da shi. A 2024 mutum 15 ne kaɗai aka samu da shi a duk duniya.

Sai dai tsutsar ta sami wata ƙofa. Tun daga 2012 aka fara ganinta a jikin karnuka a ƙauyukan masunta na bakin kogin Shari a Cadi, har a 2019 aka ƙirga karnuka kusan dubu biyu, daga baya kuma aka gan ta a karnukan arewacin Kamaru. Ana kyautata zaton suna ɗauka ne ta cin kayan cikin ɗanyen kifi da kwaɗi. A can an sa masunta su riƙa binne kayan cikin kifi, ana kuma ɗaure karnuka kada su shiga ruwa, lamarin ya ragu ƙwarai.

Mutanenmu masunta da fatake da makiyaya kullum suna kai da komo a wannan yanki. Saboda haka duk wanda ya ga bororo a ƙafar mutum, ko ta kare, da farin zare yana leƙowa, kada ya ja shi da ƙarfi, gama in ya tsinke a ciki ƙafar takan kumbura ta ruɓe. A hana mai ciwon kusantar tafki ko rijiya, a rufe wurin da tsumma mai tsabta, a sanar da mai unguwa da ma'aikacin lafiya mafi kusa a wannan rana.